Amsar Wasiƙunku: Ɓera Da Maciji Sun Hana Mu Barci A 'Yandoto

 Wannan fili ne na manoma da 'yan kasuwa, inda mukan buɗe wasiƙunku mu amsa gwargwadon abin da ya sawwaƙa. 

Wasiƙarmu ta yau guda ɗaya ce, amma doguwa, kuma na tabbata mutane da yawa a Tsafe da Gusau da Bunguɗu za su ji kamar su ne suka rubuto ta. Ta fito ne daga wani magidanci a 'Yandoton Daji, cikin ƙaramar hukumar Tsafe, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ya ce saboda halin tsaron da ake ciki ya daina zuwa gonarsa ta nesa, ya dawo ya kewaye garka a bayan gida, yana shuka masara da wake da kuɓewa da ɗan tumatir, ga kaji, ga rumbu a tsakar gida. To, sai ɓera ya sa shi gaba. Bara ya sayi shinkafar ɓera da fiya-fiya ya barbaɗa ko'ina. Ɓeraye suka mutu, ya yi murna. Bayan 'yan kwanaki kyanwar gidan ta mutu, kaji biyu suka bi ta. Sa'an nan yara suka tsinci mujiya a mace gindin tsamiya, ya ce wannan kam bai yi baƙin ciki ba, don dama kukanta yana tayar wa iyali da hankali. Amma ga shi bana ɓera ya dawo fiye da na bara, har sau biyu an ga maciji a akurki, uwargida ta ce ita da ɗibar ƙwai sai dai wani. Ga shirwa tana ɗauke 'yan tsaki, ga biri yana saukowa daga dutse ya karya masara. Tambayarsa ita ce: wane magani ne mai ƙarfi, wanda zai sa sau ɗaya ya gama da su duka, ya huta?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah Ya kawo mana sauƙin wannan hali. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba. Wannan magani da kake nema akwai shi a kasuwa, amma ba zan faɗa maka sunansa ba, domin ka riga ka gwada ƙanensa bara, ka kuma ga abin da ya biyo baya. Ka sake karanta wasiƙarka da kanka. Kyanwa ta mutu, mujiya ta mutu, ɓera ya ƙaru, maciji ya zo. Waɗannan ba abubuwa huɗu ba ne dabam-dabam, abu ɗaya ne yake jan ɗan'uwansa.

Bari mu bi shi daki-daki. Ɓeran da ya fi yawa a gonakinmu da rumbunanmu shi ne wanda masana ke kira mai nonuwa da yawa. In ka juya macen za ka ga nonuwa jere biyu tun daga ƙirji har cinya. Cikinta bai fi kwana 23 ba, kuma takan haifi goma ko goma sha biyu a lokaci guda, kafin su gama girma ta sake ɗaukar wani. Ita kuwa mujiya sai ta yi ƙwai, ta kwanta wata guda cur, ta yi renon 'ya'ya wajen wata biyu kafin su tashi. Saboda haka in guba ta kashe ɓera ɗari da mujiya ɗaya a mako guda, ɓera zai mayar da ɗarinsa kafin damina ta raba, gurbin mujiya kuwa yana nan wayam. Ka ga ke nan ɓeran bana ya tarar da gida babu mai gadi.

Yaya aka yi guba ta kai ga mujiya, alhali ba ta cin shinkafa? Yawancin magungunan ɓera na yanzu ba sa kashewa nan take. Suna hana jini daskarewa ne, sai ɓeran ya yi kwana uku zuwa biyar yana yawo da gubar a cikinsa, yana tangaɗi, yana fitowa fili har da rana tsaka. Wane ne zai fara kama irin wannan ɓera? Kyanwa, da mujiya, da shaho, da tunku. Sun samu nama a ɓagas, ba su san ajalinsu suka haɗiya ba. Kaji kuwa ba sai na yi bayani ba, ƙwayar da aka barbaɗa suka tsattsaga. Ka gode wa Allah da ya kasance kaji ne. Shinkafar ɓera a tsakar gidan da yaro ke rarrafe, wannan ba abin da za a yi wa wasa ba ne.

Yanzu maganar mujiya, don na san nan ne za mu yi ja-in-ja da wasu masu saurare. Mun taso mun tarar an tsane ta. In ta yi kuka a kan ɗaki sai a ce wani zai mutu, yara su bi ta da jifa, har in an tsani mutum akan ce ana yi masa kallon mujiya. To Malam, kai mutumin 'Yandoto ne, garin da aka sani da malamai tun kafin jihadi, ba ni ne zan koya maka hukuncin camfi ba. Ni dai abin da na sani na gona ne. Farar mujiyar nan mai fuska kamar faifai, wadda ke kwana a kogon bishiya ko tsohon gini, abincinta kusan duka ɓera ne. Mace da namiji da 'ya'yansu sukan cinye ɓera sama da 1,000 a shekara. In kana so ka gani da idonka, je ka gindin inda take kwana, za ka tarar da wasu dunƙule-dunƙule baƙaƙe da take amayarwa. Fasa ɗaya da tsinke. Gashi ne da ƙasusuwa da kan ɓera, har da haƙoransa.

A wasu ƙasashe har ɗaki ake gina mata. A Malesiya, masu gonakin kwakwar manja da na shinkafa sun daɗe suna kafa akwatuna a kan dogayen sanduna don mujiya ta zo ta yi sheƙa. A kwarin kogin Jodan an fara irin wannan a 1983 a ɓangaren Isra'ila, daga baya manoman Jodan da na Falasɗinu suka ɗauka, su ma kuwa da can suna camfa ta kamar mu. Abin da ya sauya musu ra'ayi kuɗin maganin ɓera ne da suka ga ya ragu. Ban ce ka kafa akwati gobe ba, kada maƙwabta su ce ka fara tsafi. Abin da nake roƙo kaɗan ne: a bar tsamiyar nan da kogonta, a hana yara jifa.

Akwai kuma labarin ƙasar Sin da ya kamata kowane manomi ya sani. A 1958 gwamnatinsu ta ba da umurni a kashe gwarare a ƙasar baki ɗaya, wai suna cin hatsi. Mutane suka fito da ganguna da kwanoni suna kaɗawa, tsuntsaye suka rasa wurin sauka har suka riƙa faɗowa don gajiya. Ashe gwara ba hatsi kaɗai take ci ba, da ƙwari take ciyar da 'ya'yanta. Fara da tsutsa suka samu sarari. A 1960 aka janye umurnin, amma ɓarna ta riga ta auku, ta kuma haɗu da wasu kurakurai aka yi yunwar da ta kashe miliyoyin mutane. Abin da ƙasa guda ta yi ke nan, shi ka yi a bayan gidanka, sai dai naka ƙarami ne kuma yana gyaruwa.

To mene ne abin yi da ɓeran? Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Fara da duba abin da ke kiransa. Tarin kara da aka jingine jikin rumbu, ƙaiƙayi da ɓuntu da aka bari a masussuka, tsabar kaji da ke kwana a ƙasa, kwanon tuwo da ba a rufe ba, ciyawar da ta haɗe danga da bangon ɗaki. A janye kara nesa da gida, a share kewayen rumbu taku uku ko huɗu ya zama fili fetal. Ɓera ba ya son ratsa fili, don ya san akwai mai kallonsa daga sama. In rumbun kara ne mai ƙafafu, a ɗaga shi ya kai kamar mita guda, a samu tsohon kwanon rufi ko gwangwani babba a yanka a yi wa kowace ƙafa hula mai kifewa ƙasa, yadda in ɓera ya hawo zai tarar da rufi mai santsi. A sare reshen da ya sunkuyo kan rumbu, in ba haka ba an rufe ƙofa an bar taga. In rufewa ce ta ƙasa, a bi ta da yaɓe kafin a zuba hatsi, a toshe kowace tsaga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ɓera ma haka.

Sa'an nan tarko. Na san za ka ce ka gwada. Tarko ɗaya ko biyu a gida ɗaya ba ya komai, don ka kashe na gidanka na maƙwabci ya ƙauro. Abin da ke aiki shi ne unguwa ta haɗa baki, mai unguwa ya sa rana, kowane gida ya kafa tarko biyar ko fiye, a jere su jikin bango inda ake ganin kashinsa, a yi ta yi kullum har sati biyu ko uku. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen rani, gab da faɗuwar ruwa, sa'ad da abinci ya yi musu ƙaranci kuma ba su fara haihuwa gadan-gadan ba. Mace ɗaya da ka kama a watan Mayu ta fi ashirin da za ka kama a watan Oktoba. Ɗan ƙuliƙuli ko gasasshiyar gyaɗa ya isa abin ɗana tarko. Ka kuma nemi wata kyanwa.

In ya zama dole sai an sa magani, ba a barbaɗa shi. A sa shi cikin guntun bututu ko tukunya da aka huda, inda ɓera kaɗai zai shiga, a ɗora dutse a kai. Kowace safiya a zagaya a tsince gawa kafin kaji da kyanwa su riga ka, a haƙa rami mai zurfi a binne. Kada a ɗauka da hannu tsirara, a sa leda ko a yi amfani da shebur. Dalili kuwa, wannan ɓera mai nonuwa da yawa shi ne ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Ta fitsarinsa da kashinsa take shiga abinci. Saboda haka masu shanya garin rogo ko barkono ko masara a bakin titi su kwana, su ma su ji.

'Yan kasuwa masu ajiyar wake, ga naku. Fiya-fiya da Sniper ba maganin ajiyar abinci ba ne. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna. Akwai buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a ƙasashenmu a 2007. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowane ninki dabam, iska kan ƙare wa ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba. Sai dai a ɗora buhun a kan katako, nesa da bango, don ɓera in ya huda shi aiki ya ɓaci. Ita kuma ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai kisa, kada a kuskura a ajiye hatsin da aka sa wa ita a ɗakin da mutane ke kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da rufi da shi.

Mu zo ga maciji, wanda na san shi ne ainihin abin da ya sa ka ɗauki alƙalami. Gaskiyar uwargida ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, balle wadda ta gan shi ido da ido a akurki.

Maciji bai zo gidanka don kai ba. Ɓera ya biyo, da ƙwai, da 'yan tsaki, da kwaɗin da ke taruwa wurin randa da magudanar ruwa. Ramin ɓera kuma shi ne ɗakin kwanansa. Duk aikin da na lissafa a baya, na share fili da toshe rami da janye kara, rabin maganin maciji ke nan. Sauran rabin a akurki yake: a ɗaga shi daga ƙasa, a toshe duk ƙofar da yatsa zai shiga, a kwashe ƙwai kullum kafin magariba, kuma kada a sake zura hannu a duhu. A haska tocila tukuna.

Ba zan ce maka kowane maciji abokinka ne ba, don ba gaskiya ba ne. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kashe manoma a ƙasarmu ta arewa. Gajera ce, launinta kamar ƙasa da busasshen ganye, in ta ji motsi takan naɗe ta goga jikinta ya yi ƙara kamar ana zuba ruwa a wuta. Akwai kasa, mai kauri da nauyin jiki, wadda ba ta gudu sai an taka ta. Akwai gamsheƙa mai fasa kai, wata irinta ma tana feso dafi a ido. Waɗannan in sun shigo inda yara ke wasa, ba ni da bakin hana ka kare iyalinka, sai dai in ce ka yi da doguwar sanda, kada kuma ka taɓa kan ko bayan ya mutu. Amma akwai macizai da yawa marasa dafi da ke zaune a gona suna haɗiyar ɓera, har cikin raminsa inda kyanwa da mujiya ba sa kaiwa. In ka gamu da maciji can cikin gona yana tafiyarsa, ba shi hanya. Mutane da yawa wajen kisa aka sare su. Haka mesa, haka damo sarkin haƙuri, haka bushiya da tunku, waɗanda ƙonen daji na farautar gafiya ke hallakawa kowane rani, ya kuma koro ɓerayen dajin zuwa cikin gari.

Yawancin sara a ƙafa yake, ƙasa da gwiwa, ko a hannu, kuma a lokaci biyu: farkon damina wajen shuka da noma, da kaka wajen ɗaga dami da tsince wake da cirar gyaɗa. Takalmin roba mai tsawo bai kai kuɗin kwalbar allurar maciji ɗaya ba. Kafin a ɗaga damin da ya kwana, a juya shi da sanda. Mai fita da dare ya riƙe fitila. Masu kwana a ƙasa lokacin zafi su ɗaura gidan sauro su cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma.

In kuma tsautsayi ya auku, don Allah a saurare ni da kyau. Kada a tsaga wurin. Kada a tsotsa. Kada a ɗaure da igiya ko roba tamau, don wannan ɗauri ya jawo an yanke ƙafafun da ba dafin ne ya lalata su ba. Baƙin dutse ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. A cire zobe da agogo da warwaro kafin wurin ya kumbura, a kwantar da mutum, a sa wa ƙafar katako kamar ta karye don kada ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti, kada a bar shi ya taka. Hatsarin kububuwa shi ne mutum kan ji kamar ya samu sauƙi, alhali jininsa ya daina daskarewa. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga jini a dasashi, ko a fitsari, ko tsohon miki ya ɓalle. Wanda aka tsaga masa wurin sara da aska, ta nan jinin zai yi ta zuba. A asibiti akan ɗebi jini a ƙaramar kwalba a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san dafi ya shiga, sai allura. Daga 'Yandoto, babban asibitin Tsafe shi ne kusa, in abin ya fi ƙarfinsu ga Gusau, inda akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura. Shawarata ga masu unguwanni ita ce, tun kafin damina wani ya je ya tambayo inda ake da allurar da kuma kuɗinta, a kuma san mai babur ko mota da za a tasa ko da tsakar dare. A Kaltungo ta jihar Gombe akwai asibiti musamman na saran maciji, kuma abin da ma'aikatan irin waɗannan wurare ke kuka da shi kullum shi ne jinkiri, a yi kwanaki ana jiƙe-jiƙe a gida sai jiki ya lalace a kawo. In gamsheƙa ce ta fesa a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa, kada a murza, sa'an nan a tafi asibiti.

Shirwa kuwa, Malam, ba a yi mata guba. Wanda ya sa guba a mushe don shirwa, ungulu da hankaka da karen maƙwabci zai kashe, kuma ku da kanku kun ga yadda ungulu ta yi wuyar gani a mahautanmu. Ɗan tsako a sati huɗu zuwa shida na farko ne yake cikin hatsari. A kife su da uwarsu cikin babban kwando ko keji a inuwa, a ba su tsaki da ruwa, in sun yi fiffike a sake su. A bar 'yan ƙananan bishiyoyi ko rumfar kara a tsakar gida inda za su ruga in uwar ta yi ƙara. Wasu mata na shafa musu galura, sun ce shirwa ba ta gane su. Ba ya cutarwa, ana iya gwadawa. Amma in za mu faɗi gaskiya, cutar nan ta hunturu da ke share akurki a mako guda ta fi shirwa ɓarna nesa ba kusa ba, kuma tana da rigakafi da ake ɗigawa a ido, wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke yi. A tambayi malamin dabbobi.

Biri sai tsaro. Duk wanda ke noma gindin duwatsu, daga na wajen Tsafe har zuwa Kwatarkwashi, ya san haka. Mutum-mutumi kwana biyu yake ruɗinsa. Da sassafe da la'asar yake sauka, kuma sati uku ne masu zafi, daga sa'ad da masara ta yi goyo ta fara ƙosawa. Tunda garkarka a bayan gida take, kare da gwangwanaye a igiya da yin karo-karon tsaro da maƙwabta sun isa. Kunyoyin da ke fuskantar dutse a sa musu barkono, masara ta dawo ta wajen gida. Ba na ba da shawarar a tura yara su kaɗai gonar nesa a wannan zamani, don biri ko don tsuntsu. Masara ba ta kai nan ba.

Ba ka tambayi tsutsa ba, amma tunda kana da masara za ka gamu da ita, in ma ba ka riga ka gamu ba. Tsutsar nan mai cin kan masara baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta zo, a 2016 aka fara ganinta a Nijeriya. Alamar farko ita ce ganye ya yi tabo fari-fari kamar an kankare shi, daga baya a ga kashinta kamar garin katako a cikin kan. A ƙaramar garka irin taka, zagaye da sassafe sau biyu a mako ya fi feshi. Ka murƙushe ƙwan da ka gani a ganye, ka zuba ɗan yashi da toka a cikin kan. Ko ka daka 'ya'yan dogonyaro, wato bedi, kamar rabin kilo, ka jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ka tace, ka sa ɗan sabulu, ka fesa da yamma. Kuma in ka ga tururuwa da cinnaka da zanzaro suna hawa masara, bar su, farauta suke yi maka. Haka shamuwa da ke zuwa da ruwan farko, da balbela da ke bin garma, fara da tsutsa suke tsincewa.

Maƙwabtanmu na Maraɗi sun kai wannan magana inda ba mu kai ba. Akwai tsutsar da ke cin zangarniyar gero, tana zagaya ta kamar an murɗa zare. Feshi ba ya yi mata sosai, don tana ɓoye cikin zangarniya. Masu binciken aikin gona na Nijar, a cibiyar INRAN ta Maraɗi, suka lura da wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, bai kai ƙwayar shinkafa ba, wanda ke harbin tsutsar ya yi ƙwai a jikinta. Tun wajen 2006 suke kiwonsa. Sukan sa shi cikin 'yan ƙananan buhunan algarara da ɗan gero da wata tsutsa da zai hayayyafa a kanta, a rarraba kamar buhu 15 a kewayen ƙauye lokacin da gero ya fara fitar da kai. Ƙwarin su fito ta ƙofofin buhun su bazu cikin gonaki, su kashe mafi yawan tsutsar. Wannan ƙwaro akwai shi a gonakinmu ma, ba sai an kawo daga waje ba. Mai feshin da bai ga komai ba ya fesa, don dai maƙwabci ya fesa, shi yake fara kashewa.

In feshin ya zama tilas, a kai ganyen ko tsutsar wa malamin gona ya gani kafin a sayi magani, a bi awon da aka rubuta, a rufe hanci da baki, kada a fesa tumatir ko kuɓewa yau a kai kasuwa gobe, kada kuma a mayar da galan ɗin magani na ruwan sha ko na man gyaɗa. Masu shinkafa da dawa da jan-baki ke damu, musamman ta wajen Bakolori, in jirgi ya yi feshi a makwancinsu kada a tsinci tsuntsayen a soya, gubar tana jikinsu.

Saboda haka Malam, kuɗin da ka ware don babban magani, ka sayi tarko goma, da tocila, da takalmin roba biyu, ɗaya naka ɗaya na uwargida. Ragowar a sayi waya a gyara akurki. In an yi tarkon unguwa, ka ƙirga abin da aka kama a makon farko da na uku ka rubuto mana, za mu karanta a wannan fili don mutanen Bunguɗu da Gusau su ji. A gaishe da uwargida, a ce mata ta ci gaba da barin ƙwan sai an gyara akurkin.

Akwai wasiƙu biyu kan gara da ke cin rogo da ɗaya kan farashin taki, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.